Yadda ake auna sinadaran abinci don teburin abinci na ƙasa, tun daga kasuwa har lab

Duk shekara idan lokacin firojet ya zo sai kaga ɗalibai sun cika mana lab da ledoji, wannan ya riƙo garin kuka, wancan daddawa, wata kuma kilishin da ta saya a tasha, kowa so yake a auna masa furotin da maiƙo da toka, wato abin da ke saura idan an ƙone abinci ƙurmus, ya rubuta ya wuce. Ba laifi bane, ni ma ta nan na fara. Amma duk wanda ya taɓa zaman tattara irin waɗannan sakamakon don a ga wanda zai iya shiga teburin sinadaran abinci na ƙasa ya san yadda ake ture su gefe ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wai aunin ne aka yi ba daidai ba, a'a, babu dai wanda ya rubuta inda aka sayo abincin, wane iri ne, ɗanye ne ko busasshe, ruwan cikinsa nawa ne. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda aikin yake tun daga tushe.

Shi wannan teburin ba komai bane illa kundin da zai gaya maka a cikin giram 100 na abin da ake ci na wani abinci akwai ruwa kaza, furotin kaza, maiƙo kaza, ayon (sinadarin ƙarfe) da zink da kalsiyam kaza, bitamin kaza. Da shi likitan abinci yake tsara wa mai ciwon suga abin da zai ci, da shi ake juya amsar "me kika ci jiya" zuwa lissafi idan an yi binciken cin abinci na ƙasa irin wanda aka yi a Najeriya a 2021. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da teburi na Afirka tun 1968, ta fitar da na Afirka ta Yamma a 2012, sannan aka faɗaɗa shi a na 2019 wanda ya haura abinci dubu, Najeriya kuma tana da nata na 2017. Ƙa'idojin da kowa yake bi na INFOODS ne, wata haɗaka ta masu wannan aikin da aka kafa a 1984. To idan kana so lambarka ta shiga irin waɗannan wuraren ga yadda ake yi.

Mataki na farko, zaɓen abincin da za a auna

Kuɗin lab ba wasa bane, ba zaka auna komai ba. Abin da ake yi shine a duba me mutane suka fi ci da yawa, sannan a duba wanne ne yake kawo musu kaso mai tsoka na wani sinadari ko da kaɗan ake ci, sai kuma wanda babu shi a teburi sam ko kuma lambarsa aro ce daga wata ƙasa. A wajenmu ka san gero da dawa da masara da shinkafa da wake su ne kan gaba, amma kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da zogale da yakuwa, duk da cokali biyu uku ake zubawa, kullum ana zubawa, don haka lissafinsu yana da nauyi. Ni a ganina abincin da aka sarrafa ya fi buƙatar auni yanzu akan ƙwayar hatsi, irin su fura, dambu, ƙuli-ƙuli, kunun zaƙi, ɗanwake, domin ƙwayar gero an auna ta a ƙasashe da yawa amma fura sai dai mu.

Mataki na biyu, ka san sunan abin da kake riƙe da shi

Nan ne ake fara ɓata aiki. Ka rubuta "dawa" kawai, wace dawa? Kaura ce ko farfara? Ka rubuta "gero", gero ne ko maiwa, na gida ne ko ingantaccen iri? Wannan ba ƙaramar tambaya bace domin tun 2018 aka saki wani irin gero mai suna Chakti a Nijar wanda aka yi shi musamman don ya fi yawan ayon, idan shi ka auna ka rubuta gero kawai ka ɗaga lambar geron ƙasa gaba ɗaya ba gaira ba dalili. Daddawa ma haka, akwai ta kalwa, akwai ta waken suya, akwai daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, sunansu ɗaya a bakin mai miya amma a lab kowacce daban take.

Don haka kowane abinci ka rubuta sunansa na Hausa, da na Turanci, da na Faransanci idan za a yi amfani da shi a Nijar, da sunan kimiyya, misali kuka Adansonia digitata, zogale Moringa oleifera, ɗorawa Parkia biglobosa. Ka ƙara da wane sashe ne, ganye ko 'ya'ya ko ƙwaya, sannan halin da yake ciki, ɗanye, busasshe, surfaffe, dafaffe, soyayye. Ka ɗauki hoto da rula a gefe. Man girki da suga da fulawa da garin masara na kamfani dole ka raba su da na gida, saboda tun 2002 doka ta wajabta a ƙara musu bitamin A a Najeriya, gishiri kuma ana sa masa aidin tun 1993, kaga man gyaɗan da aka matse a gida da na cikin jarkar kamfani ba layi ɗaya zasu zauna ba.

Mataki na uku, ɗaukar samfur, kuma nan zan daɗe

Leda ɗaya daga wajen mutum ɗaya ba ta wakiltar ƙasa, ko unguwa ma ba ta wakilta. Abinci yana canzawa da ƙasar da aka noma shi, da taki, da iri, da lokacin shekara, da tsawon zamansa a rumbu. Abin da aka saba ba da shawara shine kada a gaza samfur 10 na kowane abinci, daga wurare daban-daban, kuma wuraren a zaɓe su tun a takarda kafin a fita, ba wai inda mota ta tsaya ba. Idan aikin na Najeriya ne duka sai a raba bisa shiyyoyi shida, a kowace shiyya a ɗauki jihohi, a kowace jiha kasuwar birni da ta ƙauye. Idan kuma abincin na arewa ne zalla kamar fura to ba sai ka je Fatakwal nemanta ba, ka bi inda ake cinta.

Akwai wani tarko a manyan kasuwanni. Ka shiga Dawanau ka sayi gero wajen mutum goma kana murna ka samu samfur goma, alhali wataƙila duk daga tirela ɗaya aka sauke musu da safe. Sai ka tambaya, cikin ladabi, "Baba wannan daga ina aka kawo shi, na bana ne ko na bara?" Yawancinsu sun sani kuma zasu gaya maka idan ka fara da gaisuwa kuma ka nuna saya zaka yi ba ɓata musu lokaci ba. Kayan gwari a Yankaba ma haka ne. Kuma ka saya yadda mutane suke saya, kar ka tsaya zaɓen mafi kyau, kar ka yarda mai kaya ya zaɓo maka na saman buhu don ya ga ka zo da takarda da biro, domin teburin na abin da ake ci ne ba na abin da ake kai wa gasa ba.

Hatsi da wake rabin kilo zuwa kilo ɗaya daga kowane wuri ya isa. Ganye ka sayi da yawa don rabinsa zai tafi a tsinka. Kowane samfur ledarsa daban, lambarsa daban, a rubuta da makar da ba ta gogewa, kuma a sa wata takardar a ciki don ta waje tana iya ɓacewa. A fom ɗinka ka rubuta rana, lokaci, gari, kasuwa, farashi, nauyi, da yadda ka same shi, a rana yake ko a inuwa, a buɗe ko a rufe. Duk abin da ke lalacewa, ganye, nono, nama, kifi, fura, kai tsaye cikin kula mai ƙanƙara, kuma ya isa lab a ranar ko washegari da sassafe. Ganyen da ya kwana a but ɗin mota a watan Afrilu bitamin C ɗinsa ya riga ya tafi, ruwansa ma ya ragu, duk abin da ka auna bayan nan labari ne.

Lokacin shekara kuma kar ka manta. Zogalen damina da na rani, nonon damina da na bazara lokacin da shanu suka rame, ba ɗaya bane. In da hali a ɗauka sau biyu a shekara.

Mataki na huɗu, ware abin da ake ci da wanda ake zubarwa

Da isowa lab kafin komai a ɗora a sikeli. Sai a gyara shi yadda uwargida take gyarawa, a tsinke ganye, a ɓare gyaɗa, a cire ƙwallon mangwaro ko na dabino, a cire ƙayar kifi, a sake aunawa. Nauyin abin da ya rage a raba da nauyin farko, shine kason abin da ake ci. Misali ka sayi zogale da itacensa giram 1,000 ka tsinke ka samu 600, kasonka 0.60. Ana buƙatar wannan lambar sosai kuma ita ce aka fi mantawa, kuma idan ka zubar da ɓawon baka auna ba shikenan ta wuce.

Wanki a yi shi da ruwan famfo a ɗauraye da tataccen ruwan lab, a tsane da tawul na takarda, kar a jiƙa.

Mataki na biyar, haɗawa da niƙawa da ajiya

Idan kuɗi bai kai a auna samfur goma ɗaya bayan ɗaya ba, sai a haɗa su, a ɗebi nauyi daidai wa daida daga kowanne a cakuɗa ya zama ɗaya. Wannan yana rage kuɗi amma ka sani ka rasa sanin bambancin da ke tsakaninsu, shi yasa na fi son a haɗa na kowace shiyya daban, ko ba komai ka samu uku ko huɗu da zaka kwatanta. Hatsi idan yayi yawa ana zuba shi a tire mai tsabta, a baje, a raba huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna a ajiye sauran, a sake cakuɗawa a sake rabawa har a kai adadin da ake so.

Dan Allah kar ka kai samfur injin niƙa na unguwa. Faifan injin ƙarfe ne kuma yana cinyewa yana zuba a gari, ga ragowar abin da aka niƙa kafin naka, sai kaga ayon ya tashi sama kamar hanta ka auna. Akwai shekarar da wata ɗaliba ta kawo mana sakamakon garin dawa da ayon ɗinsa ya ninka abin da aka sani sau da yawa, har ta fara rubuta cewa ta gano sabon abu, da na tambaye ta "ƙanwata a ina kika niƙa?" tace wajen mai markaɗen layinsu. A lab ana amfani da blanda mai wuƙar ƙarfen da baya tsatsa, in ma'adinai ne ake tsananin so to turmin tangaran ko wuƙar titaniyam. Sai dai fa idan garin kasuwa kake son aunawa a matsayin garin kasuwa, wannan daban, ka rubuta haka, tunda shi mutane ke tuƙawa.

Bayan niƙa a raba gida-gida a ƙananan robobi masu murfi, na ruwa daban, na ma'adinai daban, na bitamin a kwalba mai duhu ko a naɗe da foyil, sannan a ware ɗaya na ajiya ko da za a sake auni. A sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, na bitamin in akwai mai 70 ko 80 ya fi. Rabawar tana da dalili, kar kullum ka narkar da duka ka ɗiba ka mayar. Kuma tunda mun san halin wutarmu, ka tabbatar firizar tana kan sola ko janareta kafin ka tafi kasuwa ba bayan ka dawo ba.

Mataki na shida, ruwa

Wannan shi ne auni mafi sauƙi kuma shi ne uban duka. Ka busar da ɗan kwanon auni a obin, ka sanyaya a desiketa, wato rufaffen mazubin da ke hana laima shiga, ka auna. Ka zuba samfur kamar giram 5, ka sa a obin mai zafin digiri 105, bayan wasu awanni ka fitar ka sanyaya a desiketa ka auna, ka mayar awa ɗaya ka sake aunawa, har sai nauyin ya daina sauka. Misali kwano 20.00, da samfur 25.00, bayan bushewa 24.55, ruwan da ya fita 0.45, a raba da 5 a ninka da 100, ruwa kashi 9. Abu mai suga da yawa irin zuma ko dabino yana ƙonewa a 105 ya baka ƙarya, shi ana sa shi a obin mai zuƙe iska a kan digiri 70.

A yi shi ranar da samfur ya iso. Dalili kuwa, yawancin sauran aune-aunen a kan busasshen gari ake yinsu, amma teburi yana son lamba a kan abincin yadda ake cinsa. A ce ka samu furotin giram 27 a busasshen zogale, ɗanyen kuma ruwansa kashi 75 ne, to na ɗanye shine 27 sau 25 a raba da 100, wato 6.75. Kaga nisan da ke tsakanin 27 da 6.75. Wanda bai auna ruwan ɗanyen ba babu yadda za a yi a juya masa lambarsa, kuma wannan kaɗai ya kashe ayyuka masu kyau ba adadi.

Mataki na bakwai, toka, furotin, maiƙo da faiba

Toka: a zuba giram 2 zuwa 5 a kaskon tangaran da aka riga aka ƙona aka auna, a fara babbaka shi a kan hot filet har hayaƙi ya ƙare, sannan a sa a murhun lab mai digiri 550 har ya zama fari ko ruwan toka babu baƙi. Kuka da kuɓewa da barkonon da aka shanya a gefen titi sukan ba da toka mai yawa saboda yashi, idan ka ga haka ka narkar da tokar da asid ka tace, abin da ya ƙi narkewa yashi ne, ka rubuta shi.

Furotin kuma har yau hanyar Kjeldahl ake bi, wani masanin Denmak ne ya fito da ita a 1883. Ba furotin take aunawa kai tsaye ba, naitirojin take aunawa. Ana dafa kamar giram 1 da asid salfurik mai ƙarfi da ƙwayar katalis mai hanzarta dahuwar a cikin akwatin zuƙe hayaƙi har ruwan ya washe, a huce, a zuba sodiyam haidiroksaid mai kashi 40, a tura tururinsa cikin asid borik, sannan a yi taitireshan da asid haidirokulorik mai ƙarfin 0.1, wato a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan har launi ya canza a ga mil nawa ya ci. Dole a yi gwajin wofi, wato komai da komai amma babu samfur, a cire nasa daga naka. A ce gyaɗa giram 1 ta ci mil 33.2, na wofi 0.2, saura 33, sau 0.1 sau 1.4007, naitirojin kashi 4.62. To nan ne kowa yake ninkawa da 6.25 ido rufe, ya samu 28.9. Amma gyaɗa lambarta 5.46 ce, wanda zai baka 25.2. Shinkafa 5.95, waken suya 5.71, riɗi 5.30, madara da nono 6.38, nama da kifi da masara su ne 6.25. Mafita ita ce ka rubuta naitirojin ɗin kansa da lambar da ka ninka da ita, mai tattarawa ya gyara in yana so. Kuma tabarau da safar hannu ba ado bane a wannan aikin, asid mai tafasa ne.

Maiƙo: hanyar Soxhlet, busasshen samfur a cikin ɗan kofin takarda, sinadarin narkar da mai, petroleum ether ko hekzen, yana zagayawa yana wanke man kamar awa 6 zuwa 8, a ƙafar da shi a auna abin da ya rage a tulun. Babu wuta a kusa, ko ashana. Sai dai ita wannan hanyar bata ciro man da ya maƙale da furotin ko sitaci, don haka hatsi da abin da aka gasa ana fara dafa su da asid kafin a ciro, nono kuma yana da hanyoyinsa daban. Ka faɗi wacce ka bi don a teburi sunansu ma daban ne.

Faiba, wato ɓangaren abincin tsiro da ciki baya narkarwa, ita ce inda nake yawan faɗa da mutane. Abin da yawancin lab ɗinmu ke yi shine tsohuwar hanya, a tafasa da asid mai kashi 1.25 a sake tafasawa da alkali mai kashi 1.25, wannan an yi ta ne don abincin dabbobi kuma tana narkar da babban kaso na faibar da jikin mutum ke amfana da ita. Wadda teburi yake so ita ce ta enzayim, lambarta a littafin hanyoyin auni na ƙungiyar AOAC 985.29 ko 991.43. Tana da tsada, gaskiya ne, amma gara ka auna abinci biyar da ita da ka auna hamsin da waccan. In dole ta sa ka yi tsohuwar, ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ita ce.

Kabohaidiret galibi ba a aunawa, lissafi ake yi, a tara ruwa da furotin da maiƙo da toka da faiba a cire daga 100. A ce gero ya ba da ruwa 9, furotin 10.8, maiƙo 5, toka 1.8, faiba 9, jimla 35.6, saura 64.4. Kuzari kuma furotin sau 4, maiƙo sau 9, kabohaidiret sau 4, faiba sau 2, a tara, kilokalori 364 kenan. Ka lura duk kuskuren da ka yi a sauran a kan kabohaidiret yake sauka.

Mataki na takwas, ma'adinai da bitamin

Ma'adinai ana narkar da tokar ne da asid, ko a dafa samfurin da asid naitirik, a tace a cika zuwa alama, sai a kai na'urar auna ma'adinai, AAS ko ICP. Sodiyam da fotasiyam ana iya yinsu da na'urar harshen wuta, fosfaras da na'urar auna launi. Abokin gaba a nan shine datti, kwalaben a jiƙa su a asid naitirik mai kashi 10 su kwana, a ɗauraye da ruwan da aka cire wa ma'adinai, ba ruwan leda ba. Lokacin hunturu ƙurar da ke shigowa ta taga kaɗai ta isa ta ƙara maka ayon, a rufe komai.

Tunda cimarmu hatsi ce da wake, ina ba da shawara a auna faitet, shi ne sinadarin da ke riƙe ayon da zink ya hana jiki ɗauka. Ana raba miligiram ɗinsa da 660, na zink da 65.4, a raba amsar farko da ta biyu, idan ya haura 15 to zink ɗin kaɗan ne zai shiga jiki. Surfe da jiƙo da barin ƙullu yayi tsami duk suna rage shi, wanda ke nuna maka dalilin da yasa gero da koko ba za su ɗauki lamba ɗaya ba.

Bitamin su ne masu tsada da saurin fushi. Bitamin C a yi shi a ranar, a markaɗa cikin asid metafosforik mai sanyi. Hanyar taitireshan mai canza launi tana aiki a lemo da garin 'ya'yan kuka, amma gwada ta a zoɓo ka gani, ja a cikin ja, ba zaka taɓa ganin inda ya canza ba, sai na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai ta auna kowanne daban. Karotin na ganye da manja da karas haske yana kashe shi, a rage fitila a rufe kwalabe. Wajen juya shi zuwa bitamin A akwai lissafi biyu, RE ana raba beta karotin da 6, RAE da 12, ka rubuta karotin ɗin kansa sannan ka faɗi wanne ka yi. Idan lab ɗinku ba shi da kayan, ba abin kunya bane a tura wani, amma a tura a daskare, kuma a nemi wanda ke da shaidar ingancin lab ta ISO 17025 a kan wannan gwajin kansa.

Mataki na tara, dafaffen abinci

Mutane ba gari suke ci ba, tuwo suke ci. Hanya biyu ce, ko a sayo dafaffen daga gidaje da masu sayarwa da yawa a auna, ko a yi lissafi daga kayan haɗi. Ta biyun ta fi arha amma sai ka zauna da masu girki da sikelinka, ka auna kowane abu kafin ya shiga tukunya, har ruwa da gishiri da magi da kanwa, sannan ka auna abin da aka sauke. Kar ka ce "Hajiya nawa kike sawa", zata ce maka daidai misali, ka ce ta ɗebo yadda ta saba ka ɗora a sikeli kafin ta zuba. A ce gari giram 500 mai ayon miligiram 4 a kowane 100, duka 20 kenan, ya ba da tuwo giram 2,000, to tuwon yana da miligiram 1 a giram 100. Bitamin kuma sai an ƙara ninkawa da kason da ke tsira bayan dahuwa, akwai jadawalinsa da INFOODS ke amfani da shi. Sai dai waɗannan jadawalin ba a yi su da miyar da aka jefa wa kanwa ba, ita kuwa kanwa tana lalata bitamin C da B1 tana kuma ƙara sodiyam, don haka miyar kuka da ta kuɓewa da wake mai kanwa ni dai na fi yarda a auna su kai tsaye.

Mataki na goma, binciken kai da miƙa aiki

Kowane auni a yi shi sau biyu ko uku, idan suka yi nisa da juna a sake, ba a zaɓi biyun da suka yi kyau a jefar da ɗaya ba. Amma ka sani maimaita auni sau uku a kan leda ɗaya ba samfur uku bane, ɗaya ne. A riƙa sa samfurin da aka riga aka san amsarsa a cikin jerin, irin wanda ake saya da takardar shaida, in yayi tsada ku yi naku na gida, gari guda ku niƙa da yawa ku ajiye kuna sa shi kowane zagaye, ranar da ya ba da wata amsa daban kun san wani abu ya taɓu.

Kafin ka miƙa ka tara ruwa da furotin da maiƙo da kabohaidiret da faiba da toka, ana so su faɗa tsakanin 97 da 103, ana haƙuri da 95 zuwa 105, sai dai wannan gwajin yana da amfani ne kawai idan auna kabohaidiret ɗin aka yi, in cirewa ka yi daga 100 ai dole ya baka 100. Ka duba ma'adinanka kar jimlarsu ta fi toka. Ka kwatanta da teburin Afirka ta Yamma bayan ka daidaita ruwa, in ka yi nisa sosai ka fara zargin kanka kafin ka zargi teburin. Inda baka auna ba ka bar gurbin a wofi, kar ka sa sifili, sifili yana nufin an auna babu.

A fayil ɗin Excel kowane sinadari a sa masa lambar INFOODS, WATER na ruwa, ASH na toka, FIBTG na faibar enzayim, FIBC na tsohuwar, FATCE na Soxhlet, CHOAVLDF na kabohaidiret ɗin da aka samu ta cirewa, VITA_RAE da sauransu, a gefe kuma yawan samfur, matsakaici, mafi ƙanƙanta, mafi girma, hanyar auni, da ranar da aka yi. Ka haɗa da fom ɗin kasuwa da hotuna. Robar ajiyar nan kuma ka barta a firiza har sai masu tattarawa sun gama tambayoyinsu, domin sukan dawo bayan watanni su ce a sake duba zink ɗin samfur na bakwai.